Yadda Ake Sa Gwamnati Ta Ware Wa Ƙananan Yara Da Iyalansu Kuɗi A Kasafi

Jariri ba ya jefa ƙuri'a, kuma uwarsa, wadda ta fi kowa sanin abin da ya rasa, ita ce ba ta da sukunin zarya a ofisoshi. Shi ya sa idan aka zo rabon kuɗin gwamnati, masu neman hanya da gada da ƙarin albashi ke cika zaure, yaran da ba su kai shiga firamare ba kuwa sai abin da ya yi saura. Ba ƙin su ake yi ba. Da wuya ku sami shugaban da zai ce ba ya son yara, kuma daidai nan ne masu fafutuka da yawa ke ruɗuwa: su kai ziyara, a karɓe su hannu bibbiyu, a yi jawabi, a ɗauki hoto, su koma gida da zaton an gama. Alkawari ba ya biyan albashin malamar reno. Abin da ake nema shi ne layi a cikin kasafin kuɗi, mai suna da lamba da adadi, sannan a bi shi har kuɗin ya fita daga baitulmali ya isa inda yaron yake.

Ku tsayar da buƙata ɗaya

Kula da ƙuruciya abu ne mai faɗi. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar a 2018 ya kasa abin da ƙaramin yaro yake bukata gida biyar: lafiya, abinci mai gina jiki, kariya daga cutarwa, damar koyo tun da wuri, da mai reno da ke lura da shi yana amsa masa. Ku duba za ku ga kowanne yana hannun ma'aikata dabam. Awon ciki da rigakafi suna ma'aikatar lafiya, ajin share fagen firamare yana ma'aikatar ilimi, tallafin iyali yana ma'aikatar walwala, hutun haihuwa yana ma'aikatar ƙwadago, rajistar haihuwa kuma tana wata hukuma can. Wanda ya je neman duka a lokaci ɗaya, kowace ma'aikata za ta nuna masa ƙofar ɗaya.

Saboda haka ku zaɓi abu ɗaya na bana, ku rubuta shi a jimla guda da ta amsa tambayoyi huɗu: me za a yi, wa zai amfana, nawa za a kashe, wa ke da ikon sa hannu. «A ba yara muhimmanci» ba buƙata ba ce, domin babu ranar da za a ce an cika ta ko an saɓa. Amma «a buɗe ajin share fage na shekara ɗaya kyauta a makarantun firamare 40 na gundumomi uku mafi talauci, a sa albashin malamai 80 a kasafin ma'aikatar ilimi na baɗi», wannan ana iya cewa e ko a'a, kuma ana iya zuwa a duba.

Wajen zaɓe, ku fifita abin da doka ko manufar gwamnati ta riga ta yi alkawarinsa amma ba a ware masa kuɗi ba. Neman cika alkawari ya fi neman sabon abu sauƙi nesa ba kusa ba, domin ba sai kun sake shawo kan kowa cewa abin yana da kyau ba.

Hujjar da za ku riƙe

Hujja iri biyu ce, kuma ta gida ta fi nauyi. Ku nemo adadin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a yankin daga ƙidayar jama'a, da yawan waɗanda suka tsumbure saboda ƙarancin abinci, da waɗanda aka yi wa rajistar haihuwa, da waɗanda ke zuwa ajin share fage. Ƙasashe da dama suna da waɗannan alƙaluma a binciken gida-gida da ake kira MICS da DHS, kuma galibi hukumar ƙididdiga ta gwamnati ce ke gudanar da su. Amfanin wannan shi ne jami'i ba zai ce alƙaluman ƙarya ne ba, tunda na gidansu ne. Ku rarraba su gunduma-gunduma, birni da ƙauye, masu hali da marasa hali. Matsakaicin adadi na ƙasa baki ɗaya yana ɓoye wuraren da abin ya fi muni, ɗan majalisa kuwa mazaɓarsa yake son ji.

Ta waje kuma, guda biyu ko uku sun isa. Mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa yara kusan miliyan 250 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, wato kashi 43 cikin 100, suna cikin haɗarin kasa kaiwa ga cikar girman jiki da ƙwaƙwalwa saboda talauci da tsumburewa. A birnin Kingston na Jamaika, a ƙarshen shekarun 1980, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen yaran da suka tsumbure sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bibiyi yaran, aka tarar abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25 cikin 100. A Amurka kuma akwai shirin Perry, wani ajin share fage na shekarun 1960 a jihar Michigan, wanda masanin tattalin arziki James Heckman da abokan aikinsa suka lissafa ribarsa ga al'umma da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 duk shekara.

Ku yi hattara da wannan na ƙarshe. Yara 123 ne kacal a binciken, malaman ƙwararru ne, kowace tana da yara biyar ko shida, kuma suna zuwa gidajen yaran duk mako. Idan kuka ce duk kuɗin da aka zuba a kowane irin ajin yara zai kawo wannan riba, jami'in ma'aikatar kuɗi da ya san binciken zai daina sauraronku daga nan. Gaskiyar da za ku faɗa ita ce ribar tana tare da inganci, kuma wannan ma hujja ce a hannunku idan aka zo rage kuɗin horar da malamai.

Akwai kuma alkawuran da gwamnatoci suka sa wa hannu. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita, ta ce a sashe na 4 ƙasa ta yi amfani da iyakar abin da take da shi don tabbatar da haƙƙin yara, kuma a 2016 kwamitin da ke sa ido a kanta ya fitar da bayani na 19 a kan kasafin kuɗi kaɗai. Muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 sun sa burin kowane yaro ya sami kulawa da ilimin share fage kafin 2030. A taron UNESCO na birnin Tashkent na ƙasar Uzbekistan a 2022, ƙasashe sun amince da ƙoƙarin ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi ga matakin share fage. Waɗannan ba su tilasta wa ministan kuɗi komai, amma ma'auni ne da gwamnati ta yarda da shi da kanta, kuna iya ɗora kasafinta a kai.

Ku yi lissafin da kanku

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne ake cin nasara. Idan ba ku kawo adadi ba, wani zai ƙirƙiro muku wanda ya ninka gaskiya sau uku ya ce babu hali.

A ɗauka kuna neman shirin ziyarar gida ga yara 'yan ƙasa da shekara uku a gundumar da ke da irin waɗannan yara 12,000. Ba za a kai ga kowa a shekarar farko ba, sai ku ce kashi 30 cikin 100, wato 3,600, a fara da mafi talauci. Idan ma'aikaciya ɗaya za ta iya riƙe gida 30, ana bukatar ma'aikata 120. Idan mai duba aiki ɗaya zai kula da ma'aikata 10, ana bukatar 12. Sai ku ɗauko ma'aunin albashin gwamnati na wannan mataki ku ninka da wata 12. Ku ƙara kuɗin horo na farko da na sabuntawa, da sufuri, da littattafai da kayan wasa, da takardun rajista, da kuɗin maye gurbin waɗanda za su bar aiki, domin za a samu. Ku raba jimlar da 3,600, ku sami kuɗin yaro ɗaya a shekara. Sannan ku nuna kashi nawa jimlar take a cikin kasafin ma'aikatar. Sau da yawa adadin da ya yi kama da dutse yakan zama ɗan ƙaramin kaso idan aka auna shi da kasafin baki ɗaya, kuma wannan kason ne za ku riƙa maimaitawa.

Abubuwa biyu ake yawan mantawa: masu duba aiki da sufuri. Su ne kuma ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, sai a wayi gari akwai ma'aikata a takarda amma ba mai zuwa gidan kowa. Ku shimfiɗa lissafin na shekara uku, ku shirya matakai biyu ko uku, babba da matsakaici da ƙarami, ku kuma yanke tun a tsakaninku mafi ƙarancin da za ku karɓa. Za a tambaye ku inda kuɗin zai fito. Ku tafi da amsa: layin da aka saba ware masa kuɗi ba a kashewa, ko kaso daga ƙarin da ma'aikatar za ta samu. Kada ku ce a ɗebe daga rigakafi ko firamare, yaran nan dai su ne a can.

Karanta kasafi

Ku samo kasafin shekara uku zuwa biyar da suka wuce, ku bi ma'aikatun nan ɗaya bayan ɗaya kuna fitar da duk layin da ya shafi ƙananan yara. A wurare da yawa za ku tarar ajin share fage ba shi da layinsa, an cusa shi cikin na firamare. Idan haka ne, buƙatarku ta farko ke nan: a ba shi lambarsa. Abin da ba shi da layi ba a iya bin sawunsa, kuma shugaban makarantar da rufin ajinsa ke yoyo ba zai bar kuɗin ga 'yan shekara huɗu ba.

Ga kowane layi ku rubuta adadi uku: abin da aka ware, abin da aka saki, abin da aka kashe. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin. Idan an ware amma ba a saki ba, matsalar tana ma'aikatar kuɗi. Idan an saki amma ba a kashe ba, tana ma'aikatar da ke aikin, kuma neman ƙari a wannan hali ɓata baki ne, don za a ce na bara ma bai ƙare ba.

Ku cire hauhawar farashi. Idan an ƙara wa layi kashi 10 cikin 100 alhali farashi ya tashi da kashi 20, a zahiri an rage shi da kusan kashi 8. Ku kuma raba da yawan yara, domin inda haihuwa ke ƙaruwa, kasafin da ya tsaya wuri ɗaya raguwa yake. Sannan ku bambanta kuɗin manyan ayyuka da kuɗin gudanarwa na yau da kullum. 'Yan siyasa sun fi son gini saboda ana yanka kirtani a ɗauki hoto, amma kula da ƙananan yara kusan duka aikin mutane ne. Duk ajin da kuka nemi a gina, ku nemi albashin wadda za ta tsaya a ciki a takarda ɗaya.

Idan an hana ku takardu, ƙasashe fiye da 100 suna da dokar 'yancin samun bayanai. Ku rubuta buƙata a hukumance, ku ambaci takardar da sunanta da shekararta, ku karɓi shaidar an karɓa.

Lokaci

Kasafi yana da zango huɗu: shiryawa a ɓangaren zartarwa, amincewa a majalisa, aiwatarwa, da binciken kuɗi. Shekarar kuɗi ta bambanta, wasu ƙasashe Janairu, wasu Afrilu ko Yuli ko Oktoba, don haka ku samo jadawalin taku ku ƙirga baya. Mafi yawan masu fafutuka sai ranar da aka gabatar da kasafi a majalisa suke farkawa, alhali an riga an yanke kusan komai. Watanni kafin nan ma'aikatar kuɗi take aika wa sauran ma'aikatu takardar da ke gaya wa kowace iyakar abin da za ta nema. Tsakanin fitar wannan takarda da ranar da ma'aikatu ke mayar da buƙatunsu, nan ne ƙofa take a buɗe, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Lissafinku ya kasance a teburin daraktan tsare-tsare na ma'aikatar kafin takardar ta iso.

Majalisa dama ce ta biyu, kuma ƙarfinta ya danganta da tsarin mulki: wasu majalisun suna iya ƙara kuɗi, wasu sai dai su rage ko su matsar daga layi zuwa layi. Ku san wacce ce taku kafin ku roƙi ɗan majalisa abin da ba shi da ikon yi. Lokacin zaɓe kuma ku nemi alkawari a rubuce, mai adadi, daga duk 'yan takara ba tare da fifita kowa ba. Ƙasashe da dama suna hana ƙungiyoyin agaji shiga siyasar jam'iyya, ku duba dokar rajistarku.

Ganawa

Minista yana da muhimmanci, amma jami'in kasafi na ma'aikatar da akawun kwamitin majalisa su ne ke riƙe da alƙalami, kuma suna nan bayan an sauya ministoci. Ku san su, ku riƙa kai musu alƙaluman da za su sauƙaƙa musu aiki.

Kada ku wuce mutum uku ko huɗu: mai jagorantar magana, mai lissafi, da uwa ko uba ko ma'aikaciyar da abin ya shafa kai tsaye. Ku ɗauka minti 15 za a ba ku. Ku faɗi buƙatar a minti biyu na farko, kada ku ajiye ta sai ƙarshe, don ana iya kiran mutumin ya fita. Ku miƙa takarda mai shafi ɗaya: buƙata a sama, alƙaluma uku na yankinsa, kuɗin, da abin da kuke so shi kansa ya yi. Dogon rahoto ya zauna a jaka sai an tambaya. Kowa da yarensa: ma'aikatar kuɗi tana son jin yawan yaran da ke maimaita aji ɗaya da abin da hakan ke ci, da matan da za su koma aiki idan akwai wurin reno mai aminci; ɗan majalisa yana son jin sunan garuruwan mazaɓarsa. Idan aka tambaye ku abin da ba ku da amsarsa, ku ce za ku kawo, ku kawo cikin mako. Kafin ku tashi ku tambaya: wane mataki za ku ɗauka, yaushe, wa za mu tuntuɓa? Washegari ku aika wasiƙar godiya da ta maimaita abin da aka amince.

Iyayen da za su yi magana, a zauren sauraron ra'ayin jama'a ko gaban 'yan jarida, a shirya su, a gaya musu inda maganar za ta kai, a bar musu damar fasawa. Kada a nuna fuskar yaro mai tamowa don a motsa zuciyar mutane. Yaron zai girma, hoton kuwa yana nan a intanet, kuma mutuncin iyalin ya fi kowane kanun labari.

Ku nemi abokan tafiya da ba a saba gani ba: likitocin yara, ungozoma, ƙungiyoyin ƙwadago, masu masana'antu da ke rasa ma'aikata mata bayan haihuwa, shugabannin addini. Abin da ke rusa irin wannan haɗaka shi ne kowa ya shiga ofis da tasa buƙatar, masu abinci su ce nasu ne gaba, masu ilimi su ce nasu. Jami'in da ba ya son ba da kuɗi ba abin da yake so kamar wannan, sai ya ce ku je ku daidaita tukuna. Ku daidaita tun a gida, a rubuce, har da wanda zai yi magana da sunan kowa.

Bayan an amince

Yawancin kuɗin yara a wannan zango yake salwanta. Idan kuɗin shiga bai kai yadda aka zata ba, baitulmali yakan fara biyan bashi da albashi, sauran layuka su jira, kuma sabon layi mara mai kare shi ne ke jira mafi tsawo. Ku bi rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku. Idan rabin shekara ta wuce ba a saki ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, ku rubuta wa kwamitin majalisa da ke sa ido, ku nemi a kira ma'aikatar ta yi bayani. Ku lura da ƙwarya-ƙwaryar kasafi na tsakiyar shekara, a nan ake kwashe kuɗi shiru. Kuɗin da aka saki a watan ƙarshe ma kusan asara ne, don ba za a iya ɗaukar ma'aikata a horar da su cikin mako uku ba, sai ya koma baitulmali.

Ku zaɓi cibiyoyi 10 ko 20 ku riƙa ziyarta da tambayoyi iri ɗaya: nawa ya iso, yaushe, ma'aikata nawa ke bakin aiki yau, yara nawa. Ku fara kai sakamakon ga ma'aikatar kafin 'yan jarida, ku ba ta wa'adi. Rahoton babban mai binciken kuɗi yakan fito a makare, amma abin da ya faɗa yana da nauyin da naku ba shi da shi, ku yi amfani da shi a zagaye na gaba.

Abin da aka samu ta kasafin shekara ɗaya ana iya share shi a na gaba, don haka da zarar shiri ya kama ƙasa sai a nemi doka. Ƙasar Chile ta fara shirinta na kula da yara tun daga ciki a 2007, ta mayar da shi doka a 2009, kuma ya ci gaba bayan sauyin gwamnati. Brazil ta yi dokar ƙuruciya a 2016. A batun hutun haihuwa, yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta sa aƙalla mako 14 da biyan abin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba, kuma ta fi son a biya daga asusun inshorar jama'a ko baitulmali. Dalilin a fili yake: idan mai ɗaukar aiki ne kaɗai zai biya, zai guji ɗaukar mata. Duk ƙudirin da za ku mara wa baya, ku duba abubuwa huɗu a cikinsa: ya ambaci hukumar da ke da alhaki, ya faɗi inda kuɗin zai fito, ya sa wa'adin fitar da ƙa'idojin aiwatarwa, ya kuma wajabta kai rahoto majalisa duk shekara. Idan ɗaya ya ɓace, ku rubuta gyaran da kalmominsa ku miƙa wa akawun kwamitin kafin karatu na ƙarshe.